Santambul: Birnin da Kowane Sarki Ya Gina a Kan na Wani

A shekarar 2004 gwamnatin Turkiyya ta fara haƙa hanyar jirgin ƙasa da za ta bi ta ƙarƙashin teku, ta haɗa ɓangaren Turai na birnin Santambul da ɓangarensa na Asiya. Da ma'aikata suka fara tono a unguwar Yenikapi, inda za a gina babbar tasha, sai suka ci karo da katako. Jirgin ruwa ne binne cikin laka. Aka ci gaba da tono, sai ga wani, sai ga wani, har aka ƙirga 37, wasu da tulunan kayansu a ciki. Ashe wurin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce ta zamanin Rumawa, laka da rairayi suka cike ta. A ƙarƙashin tashar kuma aka tarar da kaburbura da sawun ƙafafun mutanen da suka zauna a wurin kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Aikin ya yi jinkirin kusan shekara 4, har Recep Tayyip Erdogan, wanda yake firaminista a lokacin, ya yi ƙorafin cewa tukwane da kasake sun tsayar da aikin ƙasa. Sai ranar 29 ga Oktoba 2013 aka buɗe layin, mai suna Marmaray.

Haka Santambul take. Duk inda aka soka diga, akwai wanda ya riga zama a wurin, kuma sau da yawa akwai jikokinsa da ke cewa nasu ne.

Girkawa ne suka kafa gari a kan wannan tsiri na ƙasa a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun ga abin da kowa zai gani: ruwa ya kewaye wurin ta fuska uku, kuma duk jirgin da zai fito daga Baƙin Teku zuwa Bahar Rum dole ya bi ta mashigin Bosforus, a gaban idon mai garin. A shekara ta 330 Sarki Kustantin ya mayar da shi sabon babban birnin Daular Rum, aka sa masa sunansa, wanda Larabawa suke kira Kustantiniyya. Kustantin yana gaggawa, ba shi da lokacin jiran masassaƙa, don haka ya aika a kwaso masa kayan ado daga biranen da ke ƙarƙashinsa. Magadansa suka bi sawunsa.

Wanda ya tsaya yau a dandalin Sultan Ahmad, inda a da ake tseren keken dawaki, zai ga shaidar hakan. Akwai dogon dutse mai tsini, tsayinsa kusan mita 20, da rubutun mutanen Masar na dā a jikinsa. Fir'auna Tutmos na Uku ne ya sa aka sassaƙa shi a ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Tiyodosiyus ya kafa shi a nan a shekara ta 390, lokacin dutsen ya riga ya haura shekara 1,800 a duniya. Kusa da shi akwai ginshiƙin tagulla mai siffar macizai uku a nannaɗe, wanda Girkawa suka ƙera don tuna nasararsu a kan Farisawa a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tumɓuke shi daga Delfi aka kawo nan. Kawunan macizan sun karye tuni. A can ƙarƙashin ƙasa kuwa, cikin matattarar ruwa mai ginshiƙai 336, magina sun ɗauki kawunan wani gunki guda biyu sun yi matashin ginshiƙi da su, ɗaya a kife, ɗaya a gicciye. Abin da wasu suka sassaƙa da girmamawa, wasu sun ɗauke shi dutsen gini kawai.

Ginin da ya fi jawo rigima dai shi ne Aya Sofiya. Wadda ake gani yanzu ita ce ta uku a wurin. Biyun farko duk gobarar tarzoma ce ta cinye su. Ta biyun ta ƙone a 532, lokacin da magoya bayan ƙungiyoyin tseren dawaki suka haɗa kai suka nemi kifar da Sarki Jastiniyan. Ya murƙushe su da kisan mutum kimanin 30,000 a cikin filin tseren, sannan ya sa aka fara sabon gini kafin toka ta huce. Wasu masana lissafi biyu, Antemiyus da Isidor, suka tsara shi, aka gama cikin ƙasa da shekara 6, aka buɗe a Disambar 537. Kubbarta tana da faɗin kimanin mita 31, tana tsaye mita 55 daga ƙasa, an jera tagogi 40 a gindinta, ta yadda in rana ta shigo mutum zai ɗauka ba abin da ke riƙe da ita. Kusan shekara 1,000 ba a gina cocin da ya fi ta girma ba.

Masu ba da labarin birnin a gurguje sukan tsallaka daga nan zuwa 1453, kamar a tsakani ba abin da ya faru. Alhali ɓarnar da ta karya ƙashin bayan birnin ta zo ne a 1204, kuma ba daga hannun Musulmi ba. Mayaƙan Salibiyya daga yammacin Turai, waɗanda suka fito da sunan zuwa Ƙudus, suka karkata da jiragen Venis suka afka wa 'yan'uwansu Kirista. Gobara daga kogi ke nan. Kwana uku suna wasoso, suka narke gumakan tagulla suka buga kuɗi, suka wawashe Aya Sofiya kanta, suka mayar da ita cocin Katolika har zuwa 1261. Dawakan tagulla huɗu da ke filin tsere aka kai su Venis. Napoliyon ya sake kwashe su zuwa Paris a 1797, da aka ci shi da yaƙi aka mayar da su a 1815, amma Venis aka mayar, ba Santambul ba. Har yau suna can. Sai a 2001 Paparoma John Paul na Biyu ya bayyana nadamar abin da aka yi a 1204.

Alaƙar Musulmi da birnin ita ma ta girmi 1453 nesa ba kusa ba. Tun zamanin Mu'awiya rundunar Musulmi ta kai ga ganuwarsa, kuma a wannan tafiya ce Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, ya rasu aka binne shi kusa da ganuwar. Ga kuma hadisin nan da ke yabon kwamanda da rundunar da za su buɗe Kustantiniyya, wanda ya sa sarakuna da dama suka gwada sa'arsu. Wanda ya dace shi ne Sultan Muhammad na Biyu na Daular Usmaniyya (ta Turkawa ake nufi, ba ta Shehu Ɗan Fodiyo ba), yana ɗan shekara 21. Ya kewaye birnin kwana 53, ya daddage ganuwar da ta yi shekara 1,000 tana tsaye da manyan igogi, ya sa aka jawo jiragen ruwa ta kan tudu don a kauce wa sarƙar da ta tare bakin tashar. Ranar Talata 29 ga Mayu 1453 birnin ya faɗi, sarkin Rum na ƙarshe ya mutu a fagen fama, sojoji suka kwashi ganima da bayi kamar yadda aka saba a yaƙin wancan zamani. A Juma'ar da ta biyo baya aka yi salla a Aya Sofiya.

Abin da Sultan Muhammad, wanda ake wa laƙabi da Fatih, ya yi bayan nan shi ne ɓangaren da masu yabonsa da masu zaginsa duka ba su cika tsayawa a kai ba. Bai ɗauki kansa mai rushe Rum ba, ya ɗauki kansa magajinta, har ya ƙara wa laƙubbansa Kaisar na Rum. A 1454 ya tabbatar da wani malamin Girkawa, Gennadiyus, a matsayin shugaban cocin Otodoks. Birnin da ya samu kusan kufai ne, don haka ya sa aka kwaso mutane daga ko'ina, Turkawa da Girkawa da Armeniyawa, aka zaunar da su. Ɗansa Bayazid na Biyu ya karɓi Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492. Zanen Kirista da ke bangon Aya Sofiya, waɗanda aka haɗa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, ba a kankare su ba, kuma ba a rufe su gaba ɗaya nan take ba. Matafiyan Turai na ƙarni na 17 sun ga wasu a buɗe alhali ana salla a ƙasa. Daga baya aka shafe su da farar ƙasa, kuma wannan shafen ne ya adana su. A gyaran 1847 zuwa 1849, ƙarƙashin Sultan Abdulmajid, wasu magina biyu 'yan gida ɗaya, Fossati, suka buɗe su, suka zana kwafinsu, suka sake rufewa. A lokacin ne aka rataya manyan allunan nan takwas masu sunan Allah da Manzo da Halifofi huɗu da Hasan da Husaini.

Babban maginin Usmaniyya, Sinan, ya tokare ginin Aya Sofiya da manyan bangaye a ƙarni na 16. Da bai yi haka ba, da wuya a ce akwai abin da ake jayayya a kansa yanzu. Kuma duk wanda ya dubi masallacin Sulaimaniyya da ya kammala a 1557 ya san inda ya yi karatu. Kubbar nan mai ƙananan kubbobi a gefe, wadda yau ake kira salon masallacin Turkiyya, kakarta coci ce.

Sunan birnin ya ƙetaro Sahara tun a wancan zamani. Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu zuwa fadar Sultan Murad na Uku a shekarun 1570, kan maganar Fezzan da tsaron 'yan kasuwa da mahajjata, kuma ya yi amfani da Turkawa masu harbin bindiga a rundunarsa. A Agadas kuwa, labarin baka yana cewa Abzinawa sun tafi har Santambul sun roƙi sarkinta ya ba su ɗansa ya mulke su, shi ya sa ake kiran gidan sarautar Istambulawa. Masana tarihi suna sanya farkon sarautar Agadas a wajen 1405, kusan shekara 50 kafin Turkawa su shiga birnin, don haka lissafin ba ya haɗuwa. Amma ya nuna irin darajar da sunan yake da ita, har gidan sarauta a Abzin ya ga ya dace ya jingina asalinsa da shi.

Sai ga jamhuriya. Mustafa Kemal Ataturk ya ɗauke babban birni ya kai Ankara a 1923, ya soke halifanci a Maris 1924, ya mayar da fadar Topkapi gidan tarihi, ya sauya harufan rubutu daga na Larabci zuwa na boko a 1928. Sakamakon wannan na ƙarshe yana nan har yanzu: yawancin 'yan Santambul ba sa iya karanta abin da aka rubuta a kabarin kakanninsu ko a saman ƙofar masallacin unguwarsu. A 1931 ya ba wani Ba'amurke, Thomas Whittemore, izinin fara buɗe zanen da aka shafe. Ranar 24 ga Nuwamba 1934 majalisar ministoci ta mayar da Aya Sofiya gidan tarihi, aka naɗe dardumai, aka buɗe wa masu kallo a Fabrairun 1935. Ta yi shekara 916 tana coci, shekara 481 tana masallaci.

A Turai an ɗauki wannan mataki a matsayin sulhu, wuri ya zama na kowa. Ga miliyoyin Turkawa masu riƙo da addini kuwa, ba sulhu suka gani ba. Sun ga gwamnatin da ta hana kiran salla da Larabci daga 1932 zuwa 1950 ta ƙwace masallaci mafi daraja a ƙasar ba tare da ta tambayi kowa ba. Buɗe Aya Sofiya ya zama taken 'yan siyasa masu ra'ayin Musulunci, tun daga Necmettin Erbakan, kuma a cikin wannan gida Erdogan ya tashi.

Duk da haka ya shekara 17 a kan mulki bai taɓa ta ba. A Maris 2019 ma ya ce wa masu matsa masa su fara cika masallacin Sultan Ahmad da ke daura da ita tukuna. Watanni kaɗan bayan nan jam'iyyarsa ta rasa kujerar magajin garin Santambul, wadda shi kansa ya taɓa riƙewa daga 1994 zuwa 1998, tattalin arziki kuma yana tangal-tangal. Ranar 10 ga Yuli 2020 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta soke dokar 1934. Hujjarta ita ce ginin yana cikin waƙafin Sultan Muhammad, an rubuta shi a takardar mallaka da sunan masallaci, kuma ministoci ba su da ikon sauya abin da mai waƙafi ya shardanta. A ranar Erdogan ya sa hannu. Aka yi Juma'ar farko ranar 24 ga Yuli, daidai da ranar da aka ƙulla yarjejeniyar Lozan ta 1923 wadda ta haifi jamhuriyar Ataturk, shugaban hukumar addini na lokacin Ali Erbas ya hau mumbari riƙe da takobi. A Girka aka sassauto da tutoci, aka kaɗa ƙararrawar makoki. Paparoma Francis ya ce abin ya yi masa ciwo, UNESCO, wadda ta sa tsohon birnin cikin jerin gadon duniya tun 1985, ta koka cewa ba a shawarce ta ba. Marubuci Orhan Pamuk ya ce ƙasarsa ta sanar da duniya cewa ta bar tafarkin raba addini da mulki.

Turkawa suna da amsar da ba ta da sauƙin turewa. Babban masallacin Kurɗuba a Sifen coci ne tun 1236, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Atina ba ta da masallacin da hukuma ta amince da shi sai a Nuwamban 2020. Sai dai hujjar waƙafi ta fara ƙirga tarihi ne daga 1453, ta yi shiru kan shekara 916 da suka gabata, takobin nan a kan mumbari kuma ba saƙon ibada ba ne, saƙon siyasa ne. Yanzu labule ne ke raba gardama: hoton Nana Maryamu riƙe da jariri, wanda aka yi a ƙarni na 9, yana sama da wurin tsayuwar liman, an ja masa farin ƙyalle. A Janairun 2024 aka fara sa baƙi masu yawon buɗe ido su biya Yuro 25, su shiga ta wata ƙofa dabam, su tsaya a bene. A Mayun 2024 aka sake buɗe Kariye, tsohon cocin da ya fi kowanne kyawun zane a birnin, a matsayin masallaci.

Hayaniyar Aya Sofiya tana danne wata asara da ta fi ta girma, domin ginin dai yana nan, mutanen ne babu. A ƙarshen ƙarni na 19 kusan rabin mazauna birnin ba Musulmi ba ne. Fadar Dolmabahce, inda sarakunan Usmaniyya suka koma a 1856, da masallacin Ortakoy da ke cikin kowane hoton Bosforus, magina Armeniyawa 'yan gidan Balyan ne suka gina su. A wannan birni ne aka kama shugabannin Armeniyawa ranar 24 ga Afrilu 1915, farkon kisan da Armeniyawa da ƙasashe da yawa suke kira kisan ƙare dangi, Turkiyya kuma take ƙin wannan suna. Girkawan Santambul, waɗanda suka haura 100,000, an keɓe su daga musayar jama'ar da aka yi tsakanin Girka da Turkiyya a 1923. Sai harajin dukiya na 1942 ya faɗa a kan waɗanda ba Musulmi ba ninki-ba-ninki. A daren 6 zuwa 7 ga Satumba 1955, bayan an yaɗa cewa an kai hari gidan da aka haifi Ataturk a Salonika, gungun mutane suka farfasa dubban gidaje da shagunan Girkawa da coci-coci sama da 70. Daga baya ta bayyana cewa da hannun hukuma a ciki. A 1964, saboda rikicin Kubrus, aka kori wasu dubbai. Yau ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba. Shugaban cocin Otodoks, Bartalomiyo, yana nan a unguwar Fener, amma makarantar horar da limamansa da ke tsibirin Halki an rufe ta a 1971.

Ba gadon Kirista kaɗai aka ci ba. Firaminista Adnan Menderes, wanda ya dawo da kiran salla da Larabci, shi ne kuma ya ratsa tsohon birni da manyan tituna a ƙarshen shekarun 1950, aka rushe dubban gine-gine, har da masallatai da makarantu da maɓuɓɓugan ruwa na zamanin Usmaniyya. Birnin da yake da mutum kimanin miliyan 1 a 1950 yanzu ya haura miliyan 15, kowane taku na ƙasa ya zama kuɗi. Gidajen katako na unguwannin Sulaimaniyya da Zeyrek suna ruɓewa ko su ƙone. Sulukule, unguwar 'yan ƙabilar Roma da ta yi ɗaruruwan shekaru a gindin ganuwa, an baje ta wajen 2009 aka gina gidaje masu tsada da aka yi wa ado irin na Usmaniyya. A Zeytinburnu an ɗaga dogayen benaye uku da suke leƙowa ta bayan hasumiyoyin Sultan Ahmad. Kotu ta ce a rage musu tsayi, suna nan yadda suke.

Lambun Gezi, da ke gefen dandalin Taksim, ya tattara duka a wuri guda. A 2013 gwamnati ta so ta sare bishiyoyinsa ta sake gina barikin sojan Usmaniyya, da shaguna a ciki. Jamhuriya ce ta rushe barikin a 1940 ta yi lambun. Masu zanga-zanga suna kare lambun jamhuriya, gwamnati tana kare barikin daula, sai ga shi a wajen haƙar da ake yi a dandalin Taksim an tono duwatsun kabari masu rubutun Armeniyanci. A gefen wurin akwai babbar maƙabartarsu, wadda aka ƙwace a shekarun 1930, yanzu otal-otal da gidan rediyo ne a kanta.

Akwai kuma wani mai da'awa da ba ya zuwa kotu. Birnin yana kusa da tsagar ƙasa ta arewacin Anatoliya. Girgizar ƙasa ta sa kubbar Aya Sofiya ta farko ta rufta a 558, wani sashe ya sake faɗuwa a 989, wani a 1346. Girgizar Izmit ta 1999 ta kashe mutum sama da 17,000, kuma masana suna jiran wata babba a tekun Marmara. A Afrilun 2025 hukumomin Turkiyya suka fara aiki mafi girma da aka yi wa kubbar a wannan zamani: cire rufin dalma, ƙarfafa ta daga waje don kada a taɓa zanen ciki, ana kuma ci gaba da salla a ƙasa. Ranar 23 ga watan, aikin bai yi nisa ba, girgiza mai ƙarfin maki 6.2 ta kaɗa birnin, dubban mutane suka kwana a lambuna da cikin motocinsu.